Wata huɗu da kai labarina gidan rediyo, har yau shiru

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce, shekarata 24. Tun ina sakandare nake rubuta labarai a bayan littafin makaranta. Bara ni da ƙanena muka fara ɗaukar su a waya, ina karantawa, shi kuma yana bi da kiɗan fiyano. Yana da waƙoƙinsa guda uku da ya yi a sitidiyo da kuɗin ɗinkinsa. A garinmu akwai ƙaramin gidan rediyo na al'umma wanda kusan kowane gida ke kamawa. Na zuba labari ɗaya mai tsawon minti 47 da waƙoƙin uku a memori, na ba wani mai gabatar da shiri da ke unguwarmu. Yau wata huɗu ke nan. Kullum muka haɗu sai ya ce ana dubawa. Makon jiya kuma ya ce in ina son abin ya yi sauri sai na kawo na goro. Abin da ya fi ci mini rai, ranar Asabar na ji kiɗan ɗaya daga cikin waƙoƙin ƙanena a ƙarƙashin tallar wani shago, ko sunansa ba a ambata ba. Ƙanena ya ce mu je mu yi musu tas, ko mu tona musu asiri a Facebook. Innarmu ta ce in haƙura in riƙe koyarwata. Ni kuwa na fara zargin ko labarin ne ba daɗi suke jin nauyin gaya mini. Anti, in biya, ko in yi faɗa, ko in bari?

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Bari in fara da abin da na ga ya fi damun ki, ko da yake a ƙarshen wasiƙar kika ɓoye shi. Kina zargin labarinki ba daɗi. Ni kuwa abin da na fi kyautata zato shi ne har yau ba wanda ya zauna ya saurare shi daga farko zuwa ƙarshe. Na yi shekaru ina aiki a wani ƙaramin gidan rediyo, kuma a kan teburin ɗakin shirye-shiryenmu akwai wani gwangwanin madara da muke jefa memori a ciki. Wani an naɗe shi a takardar magani, wani a ledar alawa, yawanci ba suna ba lambar waya. In aka sa a kwamfuta sai a ga hotunan biki, da karatun malamai, da wani abu mai suna lambobi zalla wanda sai an buɗe za a gane waƙa ce. Mutum ɗaya ne ke karanta labarai, shi ne ke haɗa talla, shi ne ke fita duba janareta in ta tsaya. Ba mugunta ke sa gwangwanin nan ya cika ba. Lokaci ne babu. Saboda haka kada ki ɗauki shirun wata huɗu a matsayin hukunci a kan basirarki, domin shari'ar ma ba a zauna ba.

Yana da kyau ki san irin gidan da kike ƙwanƙwasa wa ƙofa. A Najeriya, har zuwa 1992 da aka kafa hukumar NBC mai ba da lasisi, duk gidajen rediyo na gwamnati ne. Masu zaman kansu sun biyo baya, kamar Freedom da ta fara a Kano a 2003. Na al'umma kuwa sun makara ƙwarai, don sai a 2015 gwamnati ta amince da lasisi 17 na farko. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu nesa, tun 1999 suka fara da tashar garin Bankilare, yau suna da irin waɗannan tashoshi fiye da ɗari. Amma ko can ko nan, tukunyar ɗaya ce: sanarwar ɗaurin aure da suna da rasuwa, cigiyar akuya ko yaro, katin gaisuwa, tallar mai shago, sai in an yi sa'a wata ƙungiya ta ɗauki nauyin shirin lafiya ko noma. Da wannan ake sayen man janareta, kuma ma'aikata da yawa sa kai suke yi ko kuma abin da ake ba su bai taka kara ya karya ba. Ba don ki ji tausayinsu ki bar haƙƙinki na gaya miki haka ba. So nake ki gane cewa suna buƙatar ki. Gidan da ba shi da kuɗin shirya wasan kwaikwayo, yana da sa'o'i da yawa da sai ya cike kullum, in aka kawo masa labari mai daɗi a shirye tsaf cikin harshen garin, an yi masa gata ne. Da wannan zuciyar za ki shiga, ba da zuciyar mai roƙon alfarma ba.

Kuskuren farko, kuma kowa na yin sa, shi ne hannun da kika danƙa wa. Mai gabatarwa murya ce kawai da kuke ji. Yana iya sako waƙa a filin gaishe-gaishensa, amma ba shi da ikon yanka wa labari fili a jadawali. Wannan aikin shugaban sashen shirye-shirye ne, a ƙaramar tasha ma wani lokaci manaja da kansa. Kuma jadawali ba kullum ake taɓa shi ba. Al'adar gidajen rediyo a ƙasar nan ita ce a tsara shi zango-zango, wata uku-uku, wato mako 13. Wanda ya zo tsakiyar zango, ko abinsa ya kai zuma daɗi, sai ya jira. Mai yiwuwa ne maƙwabcin naku ya karɓi abin da ya fi ƙarfinsa, kunya ta hana shi cewa ba huruminsa ba ne, sai ya ɓuya a bayan ana dubawa.

Batun na goro kuwa, kada ki bayar. Ko sisi. Akwai abin da ake kira sayen fili, kuma halal ne: ki je sashen talla, a nuna miki farashin minti 15 ko 30 a rubuce, ki biya, a ba ki rasit mai hatimin tasha, a gaya miki rana da lokaci. Kuɗin da ake miƙa wa mutum a bakin layi daban ne. Ba ya shiga asusun tasha, ba ya ɗaure kowa da komai, kuma wanda ya karɓa yau zai dawo gobe, don ya gane ke mai bayarwa ce. In ma an sa miki sau ɗaya da tsakar dare, wa za ki kai wa ƙara? Sannan ke mace ce mai mutunci a gari, malamar yaran mutane. Ban san mutumin nan ba, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba, amma na ga inda irin wannan cinikin na ɓoye ya fara da kuɗi ya koma ki zo da daddare mu duba tare. Duk hulɗarki da tashar nan ta zama da rana, a ofis, ke da ƙanenki.

Yanzu mu zo kan kiɗan da aka sa a talla, don nan ne aka taɓa ku da gaske, kuma ina jin zafin da ƙanenki ke ji. Yaro ya tara kuɗin ɗinki ya shiga sitidiyo, sai ya ji guminsa yana sayar wa wani atamfa. Doka tana bayansa. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a 2023, waƙa ko labari na zama mallakar mai shi tun ranar da ya rubuta ko ya ɗauka, ba sai ya yi rajista ba, kuma yana da haƙƙin a danganta aikin gare shi. Sai dai akwai wani lungu da nake so ku sani kafin ku ɗaga murya. Sayar da aiki baki ɗaya, ko ba mutum ɗaya izinin da ba a ba kowa ba, sai da rubutu. Amma izini na gama-gari ana iya bayar da shi da baki, har ma a fahimce shi daga abin da mutum ya aikata. Ke da hannunki kika kai memori, ba takarda, ba sharaɗi. Za su iya cewa ai ku kuka kawo don a sa. Amsarku ita ce an kawo don a sa waƙa a matsayin waƙa, da sunan mai ita, ba don a yanko kiɗanta a yi wa ɗan kasuwa tallar da aka karɓi kuɗinta ba. Amsa ce mai ƙarfi, amma kin ga da akwai takarda da ba a kai ga gardama ba.

Kafin komai kuma, ki zaunar da ƙanenki ki tambaye shi tsakani da Allah: kiɗan nan nasa ne? Shi ya ƙirƙira, ko mai sitidiyo ne ya ɗora shi a kan wanda yake da shi a ajiye, ko karin wata waƙar fim ɗin Indiya aka ɗauko, ko daga intanet aka sauke? Masu sitidiyo da yawa sukan sayar da kiɗa ɗaya ga mawaƙa biyu ko uku. In haka ne, zai yiwu ma tashar ba daga memorinku ta samo shi ba, ku je da zafi ku dawo da kunya. In ya tabbata nasa ne, ya koma sitidiyon ya nemi a rubuta masa layi biyu cewa shi ya biya aka yi masa, a kuma ba shi asalin aikin mai ɗauke da ranar da aka yi.

Daga nan sai ku jira tallar ta sake fitowa, ku ɗauke ta a waya, ku rubuta rana da ƙarfe nawa. Ku rubuta wasiƙa gajera zuwa ga manaja, cikin ladabi, ku yi kwafi biyu, a sa muku hannu a kan ɗaya ku riƙe. Facebook ku ajiye shi tukuna. Garinku ƙarami ne, tasha ɗaya ce, kuma ranar da kuka zage su a bainar jama'a kun rufe ƙofar da kuke son shiga, ga shi in kalma ta zarce a ce kun ɓata suna. Na fi zaton manajan bai ma san daga ina kiɗan ya fito ba. Mai haɗa talla ya ga kiɗa mai daɗi a kwamfuta ya ɗauka, shi ke nan. Wannan kuskure nasu shi ne tsaninku. In kun zauna, ku ce ba faɗa ya kawo ku ba, ku ba su zaɓi: ko a cire kiɗan, ko a biya wani abu a kansa, ko kuma, wanda ni na fi so muku, a riƙa sa cikakkiyar waƙar da sunan mai ita a filin da ake saurare, sannan a ba ki minti goma shugaban shirye-shirye ya ji labarinki a gabanki. In sun yi kunnen uwar shegu, akwai dattawan kwamitin da ke kula da tashar, tunda ta al'umma ce, akwai kuma hukumar kula da haƙƙin mallaka ta ƙasa. Da wuya a kai can.

To, amma kada ki koma musu da abin da kika kai da farko. A nan zan gaya miki gaskiya ko da za ta ɗan yi ɗaci. Labari mai minti 47 ba shi da wurin zama a jadawalin kowace tasha. Filaye minti 15 ne ko 30, kuma cikin 15 ɗin sai an cire taken shiri, da ambaton sunan tasha, da talla. Abin da zai rage miki bai wuce minti 12 ko 13 ba. Ki yanka labarin nan kashi huɗu, kowane kashi ya tsaya a inda mai sauraro zai ce kash, kamar lokacin da aka yi sallama a ƙofa ba a san ko wane ne ba. Kuma ki sani ba kashi huɗu za su tambaye ki ba. Za su ce in mun ba ki fili, kina da abin da zai kai mu mako 13? Tsoron kowane shugaban shirye-shirye shi ne mai zumuɗi da zai kawo kashi uku ya ɓace, a bar shi da rami duk Talata. Ki je da kashi huɗu a ɗauke, da takarda ɗaya mai taƙaita sauran tara, layi biyu-biyu. Littattafan nan naki na tun sakandare, yanzu ranarsu ta zo.

Ki kuma sake karanta farkon labarin da kunnen mai wanke-wanke. Mai karatu in ya ɓata yana komawa shafin baya, mai sauraro ba shi da wannan damar. In kin buɗe da tarihin kakanni da sunaye takwas, kafin ki iso kan matsalar an murɗa tasha. Mutum uku ko huɗu sun isa, da sunayen da ba su yi kama ba, kada a sami Habiba da Hafsa da Hadiza a gida ɗaya. Ki riƙa maimaita sunan mai magana fiye da yadda za ki yi a rubuce. Ban ji labarinki ba, ba zan ce miki ya kai ba don in faranta miki. Amma malamar da ke iya riƙe hankalin yara aji guda ta riga ta san yadda ake ja da murya da inda ake tsayawa.

Wayarki ta isa ɗauka, matsalar ɗaki ce. Ɗakin siminti wanda ba kaya yana mayar da murya kamar ana magana a rijiya. Wata yarinya da ta riƙa kawo mana labari, muryarta ta fi ta sitidiyonmu fita, da na tambaye ta sai ta ce a ɗakin kakarta take yi bayan sallar asuba, ta jingine katifa a bango, ta rataya bargo a taga, ta zauna kusa da tulin kayan sawa. Ki yi haka. Ki kashe fanka, ki sa wayar a yanayin jirgi don kada kira ya katse ki, ki ɗora ta a kan matashi kamar taƙi ɗaya daga bakinki, a ɗan karkace don kada iskar furta haruffa irin su 'fa' da 'ba' ta riƙa dukan makirufo. Ki gaya wa ƙanenki ya sassauta fiyanonsa. Masu kiɗa kullum suna ganin kiɗan bai fito ba, alhali a ƙaramar rediyo mai sifika ɗaya da manomi ya rataya a reshe, kiɗan ne ke cinye magana. Ya buɗe da shi, ya raba fage da shi, ya rufe da shi, in kina magana ya yi ƙasa sosai ko ya yi shiru. Kafin ku kai, ku saurara a mafi arhar sifikar da ke gidan, ba a abin kunne ba. In akwai mai kwamfuta a kusa, manhajar Audacity kyauta ce, da ita za a datse tari da tuntuɓen harshe.

Wurin turawa, kada ki aika ta saƙon murya na WhatsApp, yana matse sauti ya rage masa kyau. Ki tura a matsayin takarda, wato 'document', ko ki kai a memorin da ba komai a ciki sai aikin. MP3 mai kyau ya wadatar, wanda a ƙalla yake cin kusan megabayit ɗaya a kowane minti. Kowane kashi ya ɗauki sunan labarin, da lambar kashin, da sunanki. Waƙoƙin ma haka, kuma ba uku za ku kai ba, ɗaya za ku zaɓa, wadda ta fi, a datse doguwar gaisuwar iyayen gida da ke farkonta. Ku haɗa da takarda mai shafi ɗaya da ta ce aikin naku ne, kun yarda tasha ta watsa shi na tsawon zango ɗaya da ambaton sunayenku, ban da sa shi a talla, ban da ba wani ko ɗora shi a intanet sai da izininku, ku kuma kuna da damar kai shi ko'ina. Kada ki sa hannu a kan wata takarda da ta ce aikin ya zama mallakar tasha, ko da sun ce al'ada ce. Haƙƙin labari yana bin marubuci tsawon ransa da shekara 70 bayan rasuwarsa, ba abin da za a sayar da fili na wata uku ba ne.

Akwai kuma abin da zai sa su ƙi ko da komai ya yi kyau. In aka watsa batsa, ko cin zarafin wata ƙabila ko addini, ko ɓata sunan wani, tasha hukuma ke kamawa, lasisinta ne a kan siraɗi. A ƙaramin gari kuma mutane gwanayen lissafi ne. In a labarinki akwai alhaji mai gidan mai da mata uku, garin kuwa mai gidan mai ɗaya ne, washegari yana ofishin manaja. Ki canza sana'a, ki canza unguwa, ki nisanta labarin daga gidan da kika samo shi.

Kada ki sa rai da kuɗi a zangon farko, da wuya su iya biya. Abin da za ki samu shi ne suna da masu saurare. In labarin ya karɓu, mata suka fara bugo waya suna tambayar yaya aka ƙare da amaryar nan, to lokacin ne za ki iya zuwa da ma'aikacin talla wurin mai kemis ko mai makarantar kuɗi a nemi ɗaukar nauyi, a rubuta kason kowa tun kafin kuɗin su shigo. Kuma in wannan tasha ta ƙi, ba ita kaɗai ba ce. Jami'o'i irin Bayero da Ahmadu Bello suna da tashoshinsu, ga YouTube inda labaran Hausa na saurare ke da jama'a sosai.

Saura Inna. Haƙurin da ta ce ki yi, tsoro ne irin na uwa, kada a ji muryar 'yarta a inda za a yi da ita. Ba da gardama za ki cire mata shi ba. In kin gama kashi na farko, ki bari bayan isha'i an natsu, ki ajiye wayar kusa da tabarmarta ki kunna, kada ki ce komai. In ya ƙare ta tambaye ki ina sauran, to kin samu amsar tambayar da kika ɓoye a ƙarshen wasiƙarki. Ki nemi ta sa miki albarka, ki gaya mata ranar da za ku je da wanda za ku gani. Ki tambayi ofishin tashar yaushe sabon zango zai fara, ku kai kayanku wata guda kafin nan. In kun dawo ki rubuto mini abin da manajan ya ce, ki haɗo mini da kashi na farkon, ina son in ji.